Ƙararrawar Gobarar Yakubu Injiniya

Babu wanda ya naɗa Yakubu injiniya. Da ƙafarsa ya kai allo wajen mai fenti a Yelwa, ya ce a rubuta masa haka da jan launi, ya dawo ya kafa a ƙofar rumfar da ubansa ya bar masa. Tun daga ranar, in ka kira shi Yakubu zalla sai ya yi kamar da wani kake. Mutanen tashar jiragen ruwan da yake aiki suka ga abin bai kai a ɓata rai ba, suka riƙa kiransa da sunan suna danne dariya. Shi kuwa bai taɓa iya bambance girmamawa da zolaya ba, kuma ita ce babbar sa'ar da ya yi a duniya.

Ubansa, Malam Gambo, mai haɗa jiragen katako ne a wata 'yar tasha da ke bakin tafki, kudu da garin. Masunta daga Ngaski har Shanga sun san hannunsa. Mutum ne marar surutu, zai wuni yana buga ƙusa bai ce uffan ba, in ya gama jirgi ya tura shi ruwa ya koma kan na gaba. Ɗan nasa kuwa, albasa ba ta yi halin ruwa ba. An sa shi makaranta, ya ce malaman ba su iya koyarwa ba. An kai shi Kontagora koyon gyaran inji, ya dawo kafin damina ta kewayo, da baƙin tabarau da kalmomin Turanci da ba su cika tafin hannu ba. Da ya rasa inda zai dafa, ya zauna gaban ubansa ya koyi sana'ar gado yana ƙunƙuni.

A faɗi gaskiya ko a kan wanda ba a so: hannunsa bai lalace ba. Jirginsa ba ya shan ruwa, katakonsa ba ya baɗewa. Da zai rufe baki ya yi aiki, da ba a sami abin faɗa a kansa ba. Bayan rasuwar tsohon, rumfar nan ita ce duk abin da Yakubu ya mallaka. Ba shi da gona, ba shi da komar kamun kifi, ba ya iya kwana a kan ruwa. Daga cikinta matarsa Dije take ɗora tukunya, daga cikinta 'ya'yansa suke zuwa makaranta, kuma saboda ita ce kawai ake matsa masa wuri a kan tabarma in an taru. In ka cire rumfar, abin da zai rage shi ne tabarau.

Rumfar ba ita kaɗai take a filin ba. Tun zamanin Malam Gambo, mata masu bandar kifi suka jera murahunsu a gefenta, a cikin filinsa. Babu rubutu, babu shaida, abu ne da aka saba. Kowace yamma sukan shigo da tsintsiya da kwanduna, su share duk wani guntun katako da ɓawon da aka kankare da garin zarto, su kwashe su kai wa wutar bandarsu. Rumfa ta kwana fes, su kuma sun huta da sayen itace. Da safe a aika wa gidan mai rumfa da kifi mai zafi. Ban da wannan, matan ba sa barin wurin. Banda ba ta son a juya mata baya, don haka ko ranar kasuwa, ko ranar biki, ko lokacin da maza suka tafi masallacin Juma'a, akwai idanu a filin da bokitai cike da ruwa. An sha yi a da, tukunyar kwaltar da ake liƙe jirgi da ita ta kama wuta, kafin mai aikin ya waiwaya mata sun yi ihu sun rufe ta da yashi. Ba a ma ɗaukar abin labari.

Shugabarsu Hansatu, 'yar gwaggon Yakubu ce, taubashiyarsa, ta kuma girme shi nesa. Ita ta goya shi yana tsumma. Ita kaɗai ce a tashar ba ta taɓa furta kalmar injiniya ba. Yakuba take ce masa, a gaban kowa, yana jin abin har cikin ƙashinsa.

Da rumfa ta dawo hannunsa sai ya ce zai kawo zamani. Ya sayo janareta da zarto mai aiki da lantarki. Wannan bai yi laifi ba, aiki ya ƙara sauri. Ya kewaye rumfar da kwanon rufi ta ko'ina ya sa mata ƙofa da kwaɗo, wai kada a leƙa a sace masa fasaha, kamar akwai wanda bai taɓa ganin jirgi ba a Yauri. Jarkokin fetur kuma ya jera su a ciki, kusa da katako, saboda a waje rana za ta shanye masa.

Wata shekara, da rani, shagon wani kafinta ya ƙone a cikin gari. Aka yi ta jaje ana maganar. A nan Yakubu ya ji tsoro na gaske, don ya je ya ga mutumin zaune a kan toka, ya ga kansa. Sai dai tsoro in ya shiga kan mai girman kai ba ya fitowa a matsayin hankali. A majalisa ya bugi ƙirji ya ce shi irin wannan ba za ta same shi ba, domin ya san maganinta. Ya taɓa kwana a wani masauki a Minna, ya ga wani farin abu manne a saman ɗaki, da ɗan jan ido yana ƙiftawa. Aka ce masa ƙararrawar gobara ce, da ta ji hayaƙi sai ta tsala kuka. Tun lokacin abin ya tsaya masa a rai.

Ya hau mota sai Kontagora, shagon kayan lantarki. Mai tsaron shagon wata mace ce, Susan, mutuniyar Zuru. Ya nuna mata abin da yatsa ya ce ta ƙunsa masa.

Susan ta ce, "Oga, wane irin aiki kuke yi a wurin?"

"Kamhwanin jirage na," in ji Yakubu, yana gyara tabarau.

"Na katako? To akwai ƙura ke nan. Hayaƙi fa, akwai a kusa?"

"Mi ya haɗa ki da wanga? Ba ni abin da nic ce."

Ta ajiye abin a kan tebur ta ɗauko wani. "Wannan da ka nuna hayaƙi take shaƙa, ta ɗakin kwana ce da ofis. A wurin da ake ƙura da hayaƙi kullum, za ta dame ku da kukan banza. Ga wadda zafi take ji, ita ta fi dacewa da ku. Kuma ko wacce ka ɗauka, ka tabbata akwai mutum kusa da zai ji ta. Ita kuka kawai ta iya, ba ta ɗaukar bokiti."

Yakubu ya dubi ta biyun. Ba ta da kyan gani, ba irin ta masaukin Minna ba ce. Ya kuma dubi matar da ke neman koya wa injiniya aikinsa. A ransa ya ce kayan da ya ƙi sayuwa take so ta liƙa masa. Ya biya ta farkon, ya fita ko sallama babu.

Ranar da zai manna ta sai da ya tara mutane. Ya aika aka kira Bappa, sarkin tashar, wani dattijo mai kirki wanda ra'ayinsa kullum shi ne na wanda ya yi masa magana a ƙarshe. Aka shimfiɗa tabarmi. Yakubu ya hau tsani da kansa ya ɗaure abin a tsakiyar rufi, ya sauko ya kunna tsumma ya ɗaga sama. Ƙara ta tashi mai tsinka kunne, awaki suka watse, jarirai suka fashe da kuka. Bappa ya gyaɗa kai ya ce lallai boko ya yi. Yakubu ya yi jawabi mai tsawo a kan tsaro, wanda a cikinsa ya ambaci kalmar zamani har aka gaji.

Hansatu na daga baya riƙe da kwando. Ta ce, "Yakuba, wanga gyare naka, shina barci kuwa?"

Aka yi dariya. 

Washegari da hantsi mata suka hura wutar banda kamar kullum. Iska ta taso daga tafki ta kwashi hayaƙin ta cusa ta ƙarƙashin kwano. Ƙararrawa ta ɗauka. Kafin Yakubu ya gane abin da ke faruwa, matan sun cika rumfar da bokitai, Hansatu a gaba, ɗankwali a hannu. Suka duba ko'ina, babu wuta. Ɗaya daga ciki, da ta riga ta ɗaga bokiti, ta juye wa janareta don kada ruwan ya tashi a banza.

Haka aka yi jibi, haka aka yi gata. In iska ta juyo, ta yi kuka. In an kunna zarto ƙura ta tashi, ta yi kuka. Ma'aikatansa biyu, magidanta ne masu haƙuri, suka fara cusa auduga a kunne. Masu zuwa duba jirgi su tsaya daga waje su yi magana da hannu. Yara a tashar suka koyi kwaikwayon ƙarar. Duk da haka matan ba su daina zuwa ba. Sun rage gudu dai, amma ko yaushe ta yi kuka sai wata ta taso ta leƙo, ta tabbatar, ta koma.

Hanyar fita a buɗe take, ko makaho ya gan ta. Motar Kontagora ba ta daina tashi ba, shagon Susan bai ƙaura ba. Amma komawa can yana nufin ya tsaya gaban matar nan ya ce ke ce da gaskiya, sannan ya dawo ya hau tsani a gaban Hansatu ya kwance abin da ya tara jama'a ya ɗaura. Yakubu ya gwammace a yanke masa yatsa. Ya kwana yana juyi, da gari ya waye ya fito da hukuncin da babu mai iya fito da shi sai irinsa: na'ura lafiyarta lau, maƙwabta ne ba su dace da ita ba.

Ya tafi wajen Bappa ya ce hayaƙin banda na lalata masa kayan tsaro, fili kuma na ubansa ne, yana son abinsa. Bappa ya ce a yi haƙuri. Hansatu ta zo ta yi bayani, Bappa ya ce lallai tana da gaskiya. Yakubu ya koma da yamma, Bappa ya ce lallai shi ma yana da ita. A ƙarshe aka haɗa su a gindin bishiya.

Hansatu ta ce, "Bappa, tun ba a haihi wanga yaro ba muke banda nan. Kawu Gambo bai taɓa cewa hayaƙinmu ya tsone mai ido ba."

Yakubu ya ce, "Wancan zamani daban, wanga daban. Yanzu ina da abin da ka tsaron wuri. Ba ni bukatar kowa shi tsare min."

Ta dube shi tun daga takalmi har tabarau. Babu wasan taubashi a fuskarta. "Ka ce ba ka bukatar kowa?"

"Haka nic ce."

"To Bappa, ka dai ji. Hili nashi na. Mun tashi."

Bappa ya nuna musu wani wuri can bayan fadamar albasa, inda tudu ya kare bakin ruwa. Suka farfasa murahun da suka gina da hannunsu, suka ɗauki ragar ƙarfe da ganguna a ka. Tafiyar ɗebo kifi daga jirgi ta ƙaru musu, ga sayen itace da ba su saba ba. Wasu sun yi kuka. Dije ta bi su har rabin hanya tana ba da haƙuri, ta dawo ta tarar da mijinta yana share filin da ƙafa yana lissafin inda zai sa kujerun baƙi. A ranar ta ji kunyar zama matarsa, ta kuma gaya masa a fuska. Ya ce mata ba ta san ci gaba ba.

Ƙararrawa ta yi shiru, sai in zarto ya matsa mata. Yakubu ya riƙa nuna wa kowa ɗan jan idon yana ƙiftawa, yana cewa a duba, yanzu ta samu natsuwa. Abin da bai duba ba shi ne ƙasa. Babu mai shara da yamma. Ɓawon katako da garin zarto suka fara taruwa. Ma'aikatan suka ce a aika wa matan su zo su kwashe, ya ce ba zai ba da kyauta ga waɗanda suka yi masa dariya ba, masu kiwon kaji a Yelwa za su saya. Masu kaji ba su zo ba. Tarin ya cika kusurwa, ya hau bango, ya kai gindin jarkoki, ya zagaye murhun kwalta har sai an ture shi da ƙafa kafin a hura wuta.

A lokacin yana kan aiki mafi girma da ya taɓa samu, babban jirgin fasinja da 'yan kasuwar wani tsibiri suka haɗa kai suka ba shi. Duk katakon da yake da shi ya shiga ciki. Jirgin ya cika rumfar daga ƙofa zuwa bango, saura liƙi da fenti. Yakubu ya riga ya zaɓi inda za a rubuta sunansa a jiki.

Wata Juma'a suka yi ta liƙi tun safe. Da rana ta take, aka sauke tukunyar kwalta. Ɗaya daga ma'aikatan ya ɗauko ruwa zai kashe garwashin, Yakubu ya ce a bari, in sun dawo za su ci gaba, hura sabuwar wuta ɓata lokaci ne. Ya nuna sama da haɓa ya ce akwai mai gadi. Ya ja ƙofa ya datse kwaɗo, suka hau babur su uku suka nufi masallaci a cikin gari. Masunta sun riga sun tafi, masu shayi sun rufe. A da, wannan ne lokacin da za ka ji hirar mata da ƙamshin kifi sun cika filin. Ranar babu kowa sai awaki.

Ko ƙararrawar ta yi kuka, ko ba ta yi ba, Allah ne masani. Babu ɗan Adam ɗin da ya ji.

Matan ne suka fara gani, daga bayan tudu. Su da hayaƙi ba a yi musu bayani. Da ya taso fari suka ce ko Yakubu ya gaji ya ƙone shararsa. Da ya juya baƙi ƙirin, Hansatu ta yar da abin juya kifi ta ce kwalta ce. Ba ta tsaya tuna wa ya kore ta ba. Suka ɗibi bokitai suka yanki fadama a guje, suna tattake albasar mutane, manya da tsofaffi, wata da goyo. Suna tsakiyar hanya suka ji jarkoki na fashewa ɗaya bayan ɗaya. Da suka iso rufi ya riga ya zauna a kan jirgi. Duk da haka suka ja layi daga bakin ruwa suna miƙa wa juna bokiti, ba don rumfar ba kuma, don kada wutar ta tsallaka ta ci komar da masunta suka shanya.

Yakubu ya hango hayaƙin tun daga kan hanya. Har ya fara cewa wani sakaran ya sake barin wuta, sai ya ga daga inda yake tashi. Ya sauka daga babur tun bai tsaya ba. Kwanon da ya kewaye wurin ya lanƙwashe ya kwanta. Jirgin ya zama haƙarƙarin gawayi. Zarto, janareta, guduma da kurfin ubansa, duk suna cikin jan garwashi. Ya durƙusa. Mutane suka taru suna salati, suna cewa Allah ya mayar da alheri. Har waɗanda ba sa ƙaunarsa sun tausaya masa, don an san abin da ya tafi.

A nan ne ya kamata mutum ya yi shiru, ko ya yi godiya. Yakubu ya miƙe yana bin jama'a ɗaya-ɗaya. Ya tambayi Bappa, ya tambayi masunta, ya tambayi mai shayi. Tambayar guda ce: kun ji ta? Kowa ya ce yana masallaci. Wasu suka sunkuyar da kai don kunyar da shi bai ji ba.

Ya isa wajen Hansatu. Tana zaune a kan jirgin da aka kife, zaninta jiƙe sharkaf, tana cire ƙaya daga tafin ƙafa. Bayan hannunta ya ƙone ya tashi, Dije na shafa mata man kaɗe.

Ya ce, "Yaya Hansatu." Bai taɓa kiranta haka ba tun da ya girma. "Ku da kunka riga kowa, ta yi kuka ko? Ki hwaɗa musu ta yi."

Ta ɗago ta dube shi.

"Yakuba, inda kak kai mu, ko bindiga anka harba nan ba mu ji. Hayaƙi munka gani, shi ma sai da yay yi baƙi." Ta mayar da ido kan ƙafarta. "Da muna nan, bokiti guda ya isa."

Ta miƙe ta kira sauran mata, ta ce su koma, sun bar kifi a kan wuta.

Bai sake kafa rumfa ba. Yanzu yana aikin yini a ƙarƙashin ɗaya daga ma'aikatansa na da, wanda ya buɗe tasa can wajen Ngaski. Yakan fita da asuba ya dawo da magariba, an cire babban ɗansa daga makaranta an ba masunta shi. In hira ta biyo ta kan gobarar, har gobe cewa yake na'urar ba jabu ba ce, mai kyau ce, shi ya san ta yi aikinta. Ba a musa masa. Babu wanda yake wurin a ranar, balle ya ce a'a.